Tiya ɗaya ga kowane ɗan lakwal

Jama'a masu karatu, ƴan kasuwa maza da mata, yau sharhinmu zai tsallaka teku. Za mu yi magana a kan ƴan lakwal Yahudawa a ƙasar Faransa, da dokokin da aka kafa domin kare su daga zagi da duka da tsangwama a cikin makarantu. Mun san wani zai ajiye jarida ya ce: mu da ke fama da tsadar hatsi da kuɗin lakwal na ɗiyanmu, ina ruwanmu da ɗan Bayahude a birnin Pari? Wani kuma zai ce: da wane baki za a yi mana zancen wannan yaro, alhali duniya ta ga abin da aka yi wa yaran Gaza? Duka tambayoyin biyu suna da nauyi, kuma za mu amsa su. Matsayinmu dai tun daga farko shi ne: yaron da ya rataya jakar littafi ya tafi neman ilimi ba ya biyan bashin wata gwamnati, dokar da ta tsare shi doka ce mai kyau, kuma ta cancanci goyon baya muddin tiyar da aka auna masa da ita, da ita ake auna wa kowane yaro.

Bari mu fara da abin da ke faruwa. Faransa ce ƙasar da ta fi kowace yawan Yahudawa a Turai, sun kusan rabin miliyan, kuma tana da Musulmi miliyoyi, cikinsu har da ƴan uwanmu na Afirka ta Yamma. Bisa ƙididdigar hukumomin ƙasar, an rubuta laifuffukan ƙin jinin Yahudawa 436 a shekarar 2022. A 2023, shekarar da Hamas ta kai harin 7 ga Oktoba kuma yaƙin Gaza ya ɓarke, adadin ya haura zuwa 1,676. A 2024 an samu 1,570. Wani kaso na waɗannan laifuffuka a cikin makarantu aka aikata su: yaro ya iske an zana alamar ƴan Nazi a kan teburinsa, yarinya a daina zama kusa da ita a aji, wani a tare shi a bakin ƙofa a ce sai ya tsine wa Isra'ila kafin ya wuce. A watan Yuni na 2024, a Kurbabuwa kusa da Pari, wasu yara masu shekara 12 zuwa 13 suka yi wa wata yarinya mai shekara 12 fyaɗe suna zaginta da cewa ita Bayahudiya ce. Duk uwar da ta haifi ɗiya mace ta san abin da wannan labari yake yi wa zuciya, ba sai ta tambayi addinin yarinyar ba.

Matsalar ba yau ta fara ba. Tun a 2004 wani babban sufeton makarantu mai suna Jean-Pierre Obin ya miƙa wa ma'aikatar ilimi rahoto, inda ya nuna cewa akwai makarantun gwamnati da iyaye Yahudawa ba sa iya barin yaransu a ciki saboda tsangwama. Ranar 19 ga Maris 2012 kuma, a birnin Tulus, wani ɗan bindiga ya tsaya a ƙofar wata makarantar Yahudawa ya kashe malami ɗaya da ƴaƴansa biyu ƙanana, da wata yarinya mai shekara 8. Bayan hare-haren Janairu 2015 sai da gwamnati ta baza sojoji dubu 10 a faɗin ƙasa, aka riƙa ganin soja da bindiga a ƙofar lakwal ta ƙananan yara. Ku dubi wannan hali: uwa ta kai ɗanta makaranta ta ratsa tsakanin bindigogi, ta koma gida tana addu'ar ya dawo da rai.

Faransawa suna da dalilin tarihi da ya sa wannan batu yake taɓa su ƙwarai. A lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Bishi da ta haɗa kai da Jamus ta kafa dokar ware Yahudawa a Oktoba 1940, ta kori malamansu daga aiki, a 1941 ta ce ɗalibansu kada su wuce kashi 3 cikin 100 a jami'o'i. A Aljeriya har a ƙananan makarantu an ƙayyade musu adadi, aka kori sauran. Daga korar yaro daga aji aka kai ga ɗora shi a jirgin ƙasa: Yahudawa kusan dubu 76 aka kwashe daga Faransa zuwa sansanonin mutuwa, fiye da dubu 11 daga cikinsu yara ne. Ranar 6 ga Afrilu 1944, a ƙauyen Iziyo, an kwashe yara 44 daga gidan da ake ɓoye su, babu ko ɗaya a cikin yaran da ya dawo. Wanda ya zaga Pari yau zai ga alluna a bangon makarantu da dama suna tuna ɗaliban da aka ɗauke. Mu ma wannan zamani bai tsallake mu ba, domin ƙasarmu tana ƙarƙashin ikon Bishi daga 1940 zuwa 1942, kakanninmu kuma suna ƙarƙashin dokar ƴan ƙasa ta mulkin mallaka da aikin tilas, waɗanda sai a 1946 aka soke su. Mun san ɗanɗanon doka mai tiya biyu, babba ga wani, ƙarama ga wani.

To, me doka ta tanada a yau? Tubali ne aka yi ta ɗorawa ɗaya bisa ɗaya. Dokar 1 ga Yuli 1972 ta haramta zagin mutum ko tunzura jama'a a kansa saboda asalinsa, ƙabilarsa, launinsa ko addininsa, ta kuma bai wa ƙungiyoyi damar shigar da ƙara. A halin yanzu irin wannan zagi a bainar jama'a yana iya kai mutum gidan kaso shekara ɗaya, da tarar yuro dubu 45, wato kusan miliyan 30 na sefa. Dokar 1990 ta haramta musun kisan kiyashin da ƴan Nazi suka yi. Dokar 2003 ta ce idan an doki mutum ko an ɓata dukiyarsa saboda jinsinsa ko addininsa, hukuncin ya fi na duka ko ɓarnar da ba ta da wannan dalili nauyi.

Sannan aka zo kan lakwal ita kanta. Dokar 2 ga Maris 2022 ta mayar da tsangwamar ɗalibi a makaranta laifi mai zaman kansa: daga shekara 3 na kaso, har zuwa shekara 10 da tarar yuro dubu 150 idan abin ya kai yaron ga kashe kansa ko yunƙurin yin haka. Ga masu ƙananan shekaru ana sassauta hukunci, yaron da bai kai 13 ba kuma ba a kai shi kaso, amma iyayensa su ke biyan diyyar ɓarnar da ya yi. A watan Agusta 2023 aka fitar da wata doka da ta gyara wani tsohon zalunci: da can yaron da ake cuta shi ke tattara littattafansa ya canza makaranta, yanzu kuwa a firamare ana iya ɗauke mai cutar a kai shi wata, ko da iyayensa ba su yarda ba. Darakta ko malamin gwamnati da ya san an aikata laifi wajibi ne a kansa ya sanar da mai gabatar da ƙara. Akwai kuma lambar waya ta kyauta, 3018, da yaro ko uwa za su kira. A ƙarshen Yuli 2025 aka ƙara wata doka ta jami'o'i, wadda ta wajabta koyar da ɗalibai da malamai illar ƙin jinin Yahudawa da wariyar launi, da naɗa jami'in da ake kai wa ƙorafi.

Ga inda muke son mai karatu ya tsaya ya lura. In ka cire dokar 1990 da ta shafi tarihi na musamman, sauran dokokin nan ba Bayahude kaɗai suke rufewa ba. Kalmomin da ke ciki su ne asali, ƙabila, launi, addini. Ke nan ɗan Bamako da aka kira biri a filin wasa, da ɗiyar Damagaram da aka tsangwama saboda sunanta Hadiza, da ɗan Bayahude da aka zana wa alamar Nazi, ƙofar kotu ɗaya za su shiga, da doka ɗaya a hannu. Da yawa a cikinku kuna da ɗa ko ƙane ko jika a Liyon, Marsai, Burusel ko Niyok. Ranar da aka raunana wannan doka domin ana jin haushin Yahudawa, ɗanku ne na gaba a layi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amurka ma ta ba da misali mai kama da wannan. Dokarsu ta ƴancin jama'a ta 1964, wadda baƙar fata suka samu da jini da gumi, ta ce makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci saboda jinsi, launi ko ƙasar asali. Wannan sashe bai ambaci addini ba. A 2004 ma'aikatar ilimi ta bayyana cewa kariyar ta shafi ɗaliban da ake tsangwama saboda zuriya ko asalin da ake jingina musu, ta lissafa Yahudawa da Musulmi Larabawa da mabiya addinin Sik. A lokacin kuwa, shekara uku bayan harin 11 ga Satumba 2001, yaran Musulmi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya a makarantun Amurka. Rumfa ɗaya ce ta yi wa duka inuwa.

Yanzu mu koma kan tambayar Gaza, domin ba za mu kauce mata ba. An kashe dubun dubatar Falasɗinawa a yaƙin da ya fara a Oktoba 2023, yara da mata da yawa a cikinsu, an rusa mafi yawan makarantun zirin. Wanda ya yi fushi da wannan yana da haƙƙi, wanda ya fita zanga-zangar lumana yana da haƙƙi, wanda ya soki gwamnatin Isra'ila da kakkausar murya yana da haƙƙi. Amma ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin ƙa'idar bashi. In wani Bakatsine ya ci kuɗinki ya gudu, ba ki tare ɗan Katsinar farko da ya shigo kasuwar Maraɗi ki ƙwace kayansa. In kika yi haka, sarkin kasuwa ke zai kama, ko da kuwa bashin naki gaskiya ne. Yarinya mai shekara 12 a unguwar Pari ba ta jefa ƙuri'a a Isra'ila ba, ba ta harba harsashi ba, wataƙila ma ba ta taɓa taka ƙasar ba. Akwai Yahudawa a Faransa da Amurka da Isra'ila kanta da suka fito kan titi suna adawa da wannan yaƙi. Marin da aka yi wa yaro a Tulus bai taɓa mayar wa wata uwa a Gaza da ɗanta ba. Abin da yake yi kawai shi ne ƙara yawan uwayen da ke kuka, da kuma bai wa masu ƙin Musulmi sandar dukan ƴan uwanmu.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. Sun karantar da mu yarjejeniyar zama tare da Annabi (SAW) ya ƙulla a Madina, wadda ta haɗa har da Yahudawan garin. Sun ba mu labarin yadda ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da yaron ya kwanta rashin lafiya, da yadda ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Wato ciniki da maƙwabtaka da dubiya duk sun gudana. Wanda ya ce zagin ƙaramin yaro saboda gidan da aka haife shi kishin addini ne, sai ya nuna mana inda ya samo.

A Faransar ma akwai Musulmin da suka nuna wannan a aikace. Ɗan bindigar Tulus, kafin ya isa makarantar Yahudawa, sojoji uku ya kashe, na farkonsu Musulmi ne ɗan asalin Maroko. Mahaifiyarsa, Latifa Ibn Ziaten, tun daga lokacin take zagaya makarantu da kallabinta a ka tana yi wa matasa nasiha a kan ƙiyayya. Ranar 9 ga Janairu 2015 kuma, da aka kai hari a wani kantin Yahudawa a Pari, wani yaron shago ɗan Mali, Musulmi, Lassana Bathily, shi ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi, ya sulale ya yi wa ƴan sanda bayanin yadda kantin yake. Yaron shago ne kamar waɗanda ke tsaron rumfunanku, kuma ya fitar da mu kunya.

Duk da haka goyon bayanmu yana da sharaɗi, kuma sharaɗin biyu ne. Na farko, a auna da tiya ɗaya. Musulmin Faransa da yawa suna kukan cewa ƙararsu ba ta samun saurin da ta wasu take samu. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana sa alamomin addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, ta haɗa hijabi da hular Yahudawa da babban gicciye, amma kowa ya san ƴan mata Musulmi ne ta fi shafa, a 2023 kuma aka ƙara da hana abaya. A Afrilu 2025, da aka kashe wani matashi ɗan Mali a cikin masallaci a kudancin Faransa, mutane da yawa sun soki nawar da wasu manyan hukumomi suka yi kafin su je wurin. Maganin wannan shi ne a cika wa ɗan Musulmi tiyarsa. Rage ta ɗan Bayahude ba zai ƙara wa kowa ƙwayar gero ba.

Sharaɗi na biyu, kada a mayar da dokar kare yaro takunkumin rufe bakin jama'a. Sukar gwamnati daban, cin zarafin ɗalibi daban. A Amurka, a 2025, gwamnatin Donald Trump ta dakatar da dala miliyan 400 na jami'ar Kolombiya da fiye da dala biliyan 2 na jami'ar Habad, da hujjar sun kasa kare ɗalibai Yahudawa, aka kuma kama wasu ɗalibai baƙi da suka yi zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu. A watan Satumba na shekarar wata alƙaliyar tarayya ta yanke cewa riƙe kuɗin Habad ya saɓa wa doka. Ta yarda akwai ƙin jinin Yahudawa a jami'ar, amma ta ce an fake da shi ne domin cimma wata manufa. A Faransa ma wasu ƴan majalisa sun nuna tsoron kada a yi amfani da dokar 2025 a murƙushe ƙungiyoyin ɗalibai. Wannan tsoro yana bukatar sa ido. Duk lokacin da ɗan siyasa ya ɗauki kukan yaro ya yi jari da shi, yaron ne ke fara asara, domin gobe in ya kawo ƙarar gaskiya za a ce siyasa ce.

Kafin mu rufe, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Pari, an yi tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya coci 45 da aka ƙona, har da wata makarantar Kirista da gidan marayu. Fushin da Musulmi suka yi da zanen yana da dalili, amma waɗanda suka biya ba su san mai zanen ba, maƙwabtanmu ne da muke ciniki da su. Mu kuma da muke fatauci mun san zaman baƙunci. Tsofaffi ba su manta 1969 ba, lokacin da Gana ta kori baƙi, mutanenmu suka bar rumfuna da gidaje a zanguna suka dawo da ƙunshi a ka. Ranar da aka fara hukunta mutum da sunan ƙabilarsa ko addininsa, baƙo da ɗan tsiraru su ne abin yanka na farko, kuma kowannenmu baƙo ne a wani wuri.

Saboda haka muna kira ga iyaye, musamman ku uwaye: yaro ba ya zuwa duniya da zagi a bakinsa, a tsakar gida da bakin rumfa da cikin salula yake tsinto shi. Mu lura da abin da muke faɗa a gabansu, mu daina mayar da sunan wata al'umma kalmar zagi a cikin ciniki da faɗa. Wanda ke da ɗa a Turai ko Amurka ya gaya masa abu biyu in sun yi waya: kada ya taɓa ɗan kowa saboda addininsa, in kuma an taɓa shi ya san doka tana bayansa, ya kai ƙara wurin darakta, ya ajiye shaida, kada ya rama da hannu. Ga malaman lakwal da na makarantun allo da daraktoci na nan gida, kada a bar yaro ya sha zagi a aji saboda yarensa ko addininsa ko asalin gidansu a ce wasan yara ne, kuma in za a raba, mai cutar za a ɗauke, a bar wanda aka cuta a kan bencinsa. Ga hukumomin Faransa da Amurka kuwa, ku tsare ƴan lakwal Yahudawa da dukan ƙarfin doka, ku tsare ƴan lakwal Musulmi da baƙar fata da wannan ƙarfin, ku bar masu magana a kan Falasɗinu su yi maganarsu cikin lumana.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare ɗiyan kowa a hanyar makaranta, ya ba mu ikon yin adalci ko ga wanda muke fushi da danginsa. Amin.